TARIHIN GARIN GALMI DA ZAMAN EKKLESIYA A CIKINSA

GABATARWA

 Muna yi wa Allah godiya da ya raya mu har muka ga wannan rana ta cikar ekklesiyarmu shekara hamsin. Sunayen fastoci da dattawa da shugabannin Zumuntar Mata waɗanda suka yi hidima a cikinmu suna a wasu shafuffuka na wannan littafi. Aikin da aka ɗora wa kwamitin tarihi a nan shi ne ya ba da labarin garin da Allah ya dasa mu a ciki, wato yadda iyaka ta zo kusa da mu, da yadda ake mulkin garin, da inda jama'a suke samun abinci, da kuma asibitin da ya sa aka san sunan Galmi a nesa.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Idan muka waiwaya za mu ga yawancin gidajen masu bi a garin nan asibiti ne ya kawo su, ko kuwa shi ya riƙe su. Wannan alheri ne daga wurin Allah. Amma akwai tambaya a cikinsa wadda ya kamata mu yi wa kanmu a wannan rana: mu 'yan gari ne, ko kuwa har yanzu baƙin asibiti ne? Tarihin da ke biye zai taimake mu ba da amsa.

ƘASAR DA GARIN YAKE

Galmi tana cikin jihar Tawa, a gefen kudu na ƙasar Adar, kusan kilomita 500 gabas da Yamai. Babbar hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ta ratsa garin, Birnin Ƙonni da Malbaza suna yamma, Madawa tana gabas. Ƙasa ce ta tuddai masu duwatsu da kwaruruka masu laka. A kan tudu ake noman hatsi da wake da damina, a cikin kwari kuwa ake shuka dawa, da rani a yi lambu, gama ruwa ba shi da zurfi ƙwarai a can. Hausawa ne mafi yawa, tare da Buzaye da Fulani makiyaya. A ƙidayar 2012 mutanen garin sun wuce 10,000.

Kafin zuwan Turawa babu wanda ya san wata iyaka tsakaninmu da Sakkwato. Ƙonni tana biyayya ga Sarkin Musulmi, Gobirawan da suka ƙi bi kuwa sun koma Tsibiri. Ayarin raƙuma yana gangarowa daga arewa da gishiri da dabino, yana komawa da hatsi da tufafi. Aure da ciniki da karatu duk suna gudana kudu da arewa ba tare da takarda ba.

YADDA AKA JA IYAKA

A Turai aka yanke iyakar nan, kuma ba sau ɗaya aka yanke ta ba. A 1890 Ingila da Faransa suka yarda da layi daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi. A 1898 suka sake zama, suka zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Bisa ga wannan lissafi Ƙonni da Galmi da Madawa duk sun faɗa hannun Ingila.

A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta bi ta wannan ƙasa da kisa da ƙone-ƙone. Bayan sun yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu, suka afka wa Birnin Ƙonni suka hallaka jama'a masu yawa. Tsofaffi ba su manta da wannan ba har suka ba jikoki labari.

Daga baya Faransawa suka gane hanyar da aka bar musu ta arewa da da'irar ba ta da rijiyoyi, ayarinsu ba ya iya kaiwa Damagaram lafiya. Saboda haka a 1904 da 1906 aka gyara yarjejeniyar, aka turo layin kudu. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamu, guda 148 daga Kwara zuwa Chadi. Ta haka muka zama mutanen Nijar, 'yan'uwanmu na Illela da Gada suka zama mutanen Nijeriya. Neman ruwan sha ga ayarin Turawa shi ya raba mu da su. Amma Allah, wanda yake sa wa al'ummai iyakar mazauninsu, yana da nufinsa a ciki, gama hanyar nan da aka nema wa Faransawa ita ce ta zama titin da marasa lafiya suke bi su zo Galmi.

ZUWAN BISHARA DA BUƊE ASIBITI

Mishan ɗin SIM, wato Sudan Interior Mission, ya fara a 1893 sa'ad da samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar kai Bishara ƙasashen ciki. Kafin shekara ta cika biyu daga cikinsu sun rasu, Bingham kaɗai ya koma gida. Bai fid da zuciya ba, har aka buɗe tasha ta fari a Pategi a 1902. A 1924 aikin ya iso Damagaram, bayan 'yan shekaru ya kai Tsibiri, sa'an nan Maraɗi. A 1932 aka gama buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, abin da ya sa masu bi na wannan gefe da na wancan gefe suka tashi da Littafi ɗaya da harshen sujada ɗaya.

A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, Dokta Burt Long da uwargidansa Ruth suka fara aiki. A wancan zamani likitan da zai iya yi wa mutum tiyata abu ne mai wuyar samu a duk faɗin ƙasar Nijar. Mace in haihuwa ta gardama sai dai a zuba ido. Mai gwaiwa yakan ɗauki kayansa har tsufa, wanda ƙafarsa ta karye sai abin da maɗori ya iya. Da labari ya bazu cewa a Galmi ana yanka mutum a ɗinke ya tashi, sai jama'a suka riƙa zuwa a kan jaki da raƙumi da amalanke, daga Adar da Gobir da Azbin, har da ƙetaren iyaka daga ƙasar Sakkwato. A 1956 aka ƙara buɗe asibitin masu cutar kuturta a Danja kusa da Maraɗi.

Asibiti ba ya tafiya da likita kaɗai. Ana bukatar masu allura da masu ɗaurin miki, da masu awon jini, da masu wanki da dafuwa, da magina da kafintoci da masu gadi. Waɗansu 'yan gari ne, waɗansu kuwa masu bi ne da suka zo daga wuraren da Bishara ta riga ta kafu, waɗanda suka yi karatu a makarantun mishan kamar ta Tsibiri. Su ne suka fara taruwa don sujada a nan. Nijar ta sami 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, a farkon shekarun nan kuma ekklesiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗu ƙarƙashin sunan EERN, da shugabanni 'yan ƙasa. Shekara hamsin da muke ƙirgawa yau ta soma a tsakiyar shekarun 1970, jim kaɗan bayan babban fari.

ASIBITI A MATSAYIN WURIN AIKI

Asibitin da ya fara da 'yan ɗakuna ya girma har gadajensa suka wuce 100. An yi ɗakunan tiyata da na haihuwa, da wurin kula da yara masu tamowa, da filin saukar ƙaramin jirgin sama na mishan. Tun farkon shekarun 2010 aka shiga horar da likitoci 'yan Afirka aikin tiyata a nan, ƙarƙashin shirin PAACS. Yawancin marasa lafiya Musulmi ne, ba a kuwa tambayar mutum addininsa kafin a duba shi. Majinyaci yana biyan kuɗin magani, wanda ya kasa kuma akwai asusun taimako da ake tallafa masa da shi.

A cikin garin Galmi babu wurin da yake biyan mutane da yawa albashi a ƙarshen wata kamar asibiti. Albashin nan ba ya tsayawa a aljihun ma'aikaci. Yana zuwa wurin mahauci da tela da mai shago da magini. Masu jinya da suke kwana da kwanaki a bakin asibiti suna sayen koko da ƙosai da fura da itace da tabarma, masu mota da 'yan kabu-kabu suna samun fasinja. Gidaje da yawa waɗanda ba su taɓa karɓar ko dala daga ofishin asibiti ba, daga ƙofarsa suke ci.

Ekklesiya ma haka. Baikon ranar Lahadi yakan yi nauyi in an yi albashi, ya yi sauƙi in wata ya yi nisa. Zakkar ma'aikatan asibiti ta ɗauki babban kaso na ginin masujada da abincin fasto. Dole mu faɗi wannan da godiya, mu kuma faɗe shi da tsoron Allah, domin asibiti ma yana da nasa kwanakin wahala. A watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farashin magungunan da ake sayowa daga waje ya ninka cikin dare ɗaya, albashi kuma ya rage auki a kasuwa. Likitocin ƙetare suna zuwa ne in akwai zaman lafiya da izinin hukuma. A watan Oktoba 2020 aka sace wani Ba'amurke a Masalata kusa da Birnin Ƙonni aka ƙetara da shi Nijeriya, inda aka kuɓutar da shi bayan 'yan kwanaki. Irin wannan labari yakan sa baƙi su yi tunani biyu kafin su taso. Abin da ya rataya ga taimakon nesa, iskar nesa tana iya girgiza shi.

ALBASA DA SIMINTI

Ko da yake asibiti ne babban mai biyan albashi, ƙasa ce take ciyar da mafi yawan mutanen Galmi. Albasarmu mai launin shunayya, wadda aka sani a takardun masana da sunan Violet de Galmi, iri ne da manoman wannan kwari suka daɗe suna adanawa, kafin masu binciken aikin gona su tace shi su yaɗa shi a ƙasashen Afirka ta Yamma. Ana son ta saboda yajinta da kuma jimirinta a ajiya. Bayan damina ake zuba iri, a dasa da sanyi, a yi ta ban ruwa har a cire da bazara. A dā da guga da jigo ake ban ruwan, daga baya injin ban ruwa ya shigo, yawancinsa daga kasuwannin Nijeriya, man da yake sha ma daga can. A 1978 gwamnati ta kafa hukumar ONAHA mai kula da noman rani, a farkon shekarun 1980 kuma aka gina madatsar ruwa ta Galmi da magudanan da suke shayar da fiye da hekta 200.

Kowane manomi ya san ciwon wannan sana'a. Lokacin cira albasa takan cika kasuwa farashi ya faɗi, wanda ya ci bashin taki da mai dole ya sayar da arha. Mai hali shi ke zuba tasa a rudu ya jira watannin da take tsada, ko da wani kaso zai ruɓe. Dillalai da 'yan dako da masu ɗinkin buhu da direbobi duk suna samun rabonsu kafin manyan motoci su nufi Ankara da Kumashi a ƙasar Gana, da Abijan da Kwatano. Mata kuma suna daka ganyen su yi gabu. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na ƙasar waje ya nemi a rubuta masa mallakar sunan wannan albasa, manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye har ya janye daga sunan. A 2023 hukumar OAPI ta ba da shaidar da ta ɗaure sunan da ƙasar da ya fito.

A Malbaza kuma akwai kamfanin siminti wanda ya fara aiki a tsakiyar shekarun 1960, saboda farin dutsen da ke wurin. An sayar da shi ga 'yan kasuwa a 1998, a ƙarshen shekarun 2010 aka gina sabon kamfani da ya fi na dā girma nesa ba kusa ba. Waɗansu 'ya'yan yankin sun sami aiki a can. Waɗanda ba su samu a asibiti ko lambu ko kamfani ba, sai ci-rani, gama an san mutanen Adar da tafiya neman kuɗi zuwa Nijeriya da Kwaddibuwa da Libiya.

HUKUMA: DAGA KUMANDAN ZUWA MAGAJIN GARI

A zamanin Faransa kumandan ne mai faɗa a ji. Yana ba sarkin kanto umarni, sarkin kanto ya ba mai gari, mai gari ya tara lanho, ya kuma fitar da mutanen da za su yi aikin tilas na gyaran hanya. Sai a 1946 aka hana aikin tilas. Galmi tana ƙarƙashin sarautar Dogerawa. Bayan 'yancin kai, gyaran da aka yi a 1964 ya raba ƙasa jihohi da gundumomi, amma daga Yamai ake naɗo masu riƙon su. Da Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ya raya ƙungiyar Samariya don aikin gayya, ya kuma sauke wa talakawa nauyin harajin kai na gwamnati.

Babban canji ya zo a 2002, da aka kafa ƙananan hukumomi 265 a ƙasar, 213 daga ciki na karkara. Ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen farko na kansiloli. Galmi ta shiga ƙaramar hukumar Dogerawa, wadda mutanenta suka wuce 100,000 a ƙidayar 2012, kuma a Dogerawa ofishin magajin gari yake, ko da yake Galmi ce ta fi suna. A 2011 Malbaza ta zama gunduma mai cin gashin kanta, aka raba mu da Ƙonni. Tsarin shi ne jama'a su zaɓi kansiloli, kansiloli su zaɓi magajin gari daga cikinsu, sarakuna kuwa su zauna a majalisa su ba da shawara ba tare da jefa ƙuri'a ba. An sake zaɓe a 2011 da 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomin soja suka rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu 2024, suka naɗa kantomomi su riƙe su.

Ko wa yake riƙe da ita, ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin da ta fi kusa da talaka. A nan ake yin takardar haihuwa da ta aure da ta mutuwa. Ita ke kula da kasuwa da mahauta da tashar mota. Tana da hannu a ginin azuzuwa da rijiyoyi, da kiyaye burtali don kada shanu su shiga gona, da rubuta shaidar mallakar fili bisa ga dokar karkara ta 1993. Kuɗinta kaɗan ne, yawancinsa daga harajin shekara da kuɗin kasuwa da abin da ake karɓa a kan buhunan albasa. Idan jama'a ba su biya ba, ba ta da abin yi. Idan sun biya ba su tambayi inda kuɗin ya shiga ba, wannan ma asara ce.

RUWA DA WUTA DA MAKARANTA DA LAFIYA

Iyayenmu da suka kafa wannan ekklesiya da fitilar ƙwai suka yi addu'ar dare. Wutar NIGELEC ta zo daga baya, kuma wadda yankinmu yake sha ta daɗe tana fitowa daga Nijeriya ta layin Katsina. A watan Nuwamba 2018 aka buɗe tashar wutar hasken rana mai ƙarfin megawat 7 a Malbaza, ita ce irinta ta fari a ƙasar. Makarantun gwamnati sun yawaita, musamman daga 2001 da shirin Shugaba Tanja Mamadu ya gina azuzuwa da ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka. Daga 2006 aka yi dokar duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati, haka ma tiyatar haihuwa.

Cututtukan da suka addabi iyayenmu waɗansu sun kau. Sanƙarau ya yi ɓarna ƙwarai a 1995 da 1996 a Nijar da arewacin Nijeriya, gama cuta ba ta tsayawa a duwan. Sabuwar allurar rigakafin da aka fara a 2010 ta karya ƙarfinsa. A 2013 aka tabbatar da cewa kurkunu ya ƙare a Nijar. Amma zazzaɓin cizon sauro yana nan yana cika gadajen yara kowace damina, tamowa kuma takan biyo bayan kowace shekarar da ruwa ya yi gardama.

RANAR DA AKA RUFE IYAKA

Mutumin bakin iyaka ba ya sanin amfaninta sai ran da aka rufe ta. Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi ya kori jama'a kudu. Da fari ya komo a 1984, sai ya tarar gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya tun watan Afrilu, ta kuma canza takardun naira. Hatsi ya daina shigowa, dabbobi suka rasa kasuwa, 'yan ci-rani suka rasa hanya, shi ya sa mutane da yawa suke kiran yunwar nan 'yar Buhari. Sai a 1986 aka buɗe. A cikin waɗannan shekaru ne wani ma'aikacin SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya yi ta koya wa manoma su bar kututturan itatuwa su tofo a gona maimakon sassabe su duka, dabarar da ake kira sassabin zamani, wadda ta mai da itatuwa masu yawan gaske a gonakin ƙasar nan.

An sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A 2023 kuma, bayan juyin mulki, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi. Aka rufe ƙofar Illela da Ƙonni, aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, abinci da magani suka yi tsada, motocin albasa suka rasa hanyar da suka saba. A watan Maris 2024 aka buɗe iyakar Nijeriya, a watan Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso. Duk waɗannan shawarwari a manyan birane aka yanke su, amma a tukunyar matan Galmi aka ji su.

ABIN DA TARIHIN NAN YA KOYA MANA

'Yan'uwa, mun ga layin iyaka ya motsa, mun ga an rufe shi an buɗe. Mun ga kumandan ya tafi, magajin gari ya zo, kantoma ya karɓa. Mun ga kuɗi ya faɗi, albasa ta yi daraja ta kuma ruɓe. A cikin gidan Ubangiji ma mun ɗanɗana baƙin cikin rabuwar da ta auku tsakanin ekklesiyoyin ƙasar nan a wajen 1990, mun kuma ji zafin ƙone masujadai da aka yi a Damagaram da Yamai a watan Janairu 2015. Mu Kirista ba mu kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba. Duk da haka ga mu a yau muna raira yabo. Kamar yadda Sama'ila ya kafa dutse ya kira shi Ebenezer don tunawa da taimakon Ubangiji (1 Sama'ila 7:12), haka wannan jubili take a gare mu.

Amma a Littafin Firistoci sura 25, shekara ta hamsin shekara ce ta komawar kowa ga gonarsa da danginsa. Annabi Irmiya kuma ya gargaɗi mutanen Allah da suke zaune a Babila su gina gidaje, su yi lambuna, su nemi zaman lafiyar garin, su yi masa addu'a (Irmiya 29:5-7). Bisa ga wannan, kwamiti yana miƙa wa ekklesiya waɗannan shawarwari.

Na fari, mu riƙe asibiti da aminci. Ma'aikaci mai bi ya zo aiki a kan lokaci, kada ya karɓi na goro a hannun majinyaci, kada ya daka wa baƙauye tsawa. Mutane da yawa ba za su taɓa shiga masujada ba, fuskar mai allura ita ce wa'azin da za su ji.

Na biyu, kada mu jingina ekklesiya ga albashin wuri ɗaya. Kayan aro ba ya rufe katara. 'Ya'yanmu su yi karatun likita da na jinya domin su gaji aikin, amma waɗansu su koyi lambu da kiwo da ɗinki da walda da ciniki. Mai fili ya riƙe filinsa ya yi masa takarda. Zakkar buhun albasa da ta damin hatsi daidai take da ta albashi a gaban Allah.

Na uku, mu shiga sha'anin gari. Mu yi wa kowane jariri takardar haihuwa da wuri, gama yaron da ba shi da ita yakan sha wahala ran jarrabawa. Mu biya haraji, mu halarci taron makaranta da na masu lambu da na kula da famfo, mu faɗi gaskiya cikin ladabi. Ran da aka koma zaɓen kansiloli kada mu zauna a gida. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Na huɗu, mu riƙe maƙwabtaka. Musulmin garin nan sun ba iyayenmu wurin zama, muna shan rijiya ɗaya, muna gaisuwar suna da ta mutuwa. Wannan zumunci ya fi katanga tsaro. Kada kuma mu manta da 'yan'uwanmu masu bi na ƙetaren iyaka, waɗanda muke karanta Littafi ɗaya da su.

KAMMALAWA

Waɗanda suka fara wannan aiki da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Sun zo Galmi neman magani ko neman aiki, suka sami Mai Ceto, suka bar mana ekklesiya. Jikokinsu a nan aka yanke musu cibiya, ba su da wani gari sai wannan. Addu'armu ita ce sa'ad da za a yi bikin shekara 100, a tarar da ekklesiya mai ciyar da kanta, mai aika masu bishara daga aljihunta, wadda mai gari da limami da manomi za su shaida cewa zamanta alheri ne ga Galmi.

Allah ya ba shugabannin ƙasarmu hikima da adalci. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya warkar da waɗanda suke kwance a asibiti, ya ƙarfafa hannun masu jinyarsu. Allah ya zaunar da iyakarmu lafiya. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.

Kwamitin Tarihi na Bikin Jubili